Ga mai targaɗen idon sawu da ke son buga wasan ƙarshe

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Tun da hantsi na ga tambayarka, sai yanzu bayan Isha'i na samu zama. Ka ce yau kwana goma da ka yi targaɗe a idon sawun dama a gasar ƙwallon ƙafa ta unguwanni can Mabera a Sakkwato, mai ɗori ya ja ƙafar ya gasa ta, yanzu kana takawa ba wani ciwo sosai. Saura kwana shida wasan ƙarshe, koci kuma ya ce a yi maka allurar kashe ciwo ka shiga fili. Kana tambaya ko ka buga.

Ni ba likita ba ne. Lamba shida na buga shekara da shekaru, yanzu ina horar da yara da yamma. Abin da na sani, ƙafata ta hagu ce ta koya mini rabinsa, rabin kuma a wurin masu gashin ƙashi na tsince shi. Allurar nan dai kada ka yarda da ita. Maganar buga wasa kuwa, ƙafar ce za ta yanke hukunci, kuma akwai yadda ake tambayarta.

Ina kamar shekarunka na tashi sama cin ƙwallo da ka, na sauko kan ƙafar wani, sawuna ya lanƙwashe ciki. Aka kai ni wurin wani dattijo, ya murza, ya ja har na ga taurari, ya ce: "Tashi, ba komi, jijiya ce ta hau kan 'yar'uwarta." Kwana takwas ciwo ya ɗauke. Na haɗiyi ƙwaya biyu na koma fili. Minti ashirin ban cika ba ta sake gocewa, kuma ba wanda ya taɓa ni, juyawa kawai na yi. A shekara biyu da suka biyo baya sau biyar tana yi mini haka, har da rana ɗaya ina sauka daga kabu-kabu a bakin Tsohuwar Kasuwa, ba ƙwallo ba gudu.

Sai da na je wurin wata mai gashin ƙashi na gane abin da ke faruwa. Ta sa na tsaya da ƙafar lafiya na rufe ido, na tsaya cak. Ta ce in canza. Ko ƙirga biyar ban yi ba na dafa bango. Ta ce jijiyoyin da ke gefen waje na idon sawu, masu ɗaure ƙashi da ƙashi, aiki biyu gare su: suna riƙe gaɓar, suna kuma aika wa ƙwaƙwalwa labarin yadda sawu ya taka ƙasa. In suka yage, ciwon yakan riga tafiya, amma wannan saƙon sai ya riƙa zuwa a makare. Kafin tsoka ta ji labari ta ƙanƙame, sawu ya riga ya juya. Kuma ba ya gyaruwa da kwanciya, sai an sake koya wa ƙafar. To ka ga inda allura take cutarwa: ɗan ciwon da ya rage shi ne mai gadin ƙarshe, ita kuma sai ta sallame shi.

Kafin komai, an yi maka hoto? Ba ka faɗa ba. Akwai alamun da likitoci suke bi, wasu likitocin birnin Ottawa na Kanada suka tsara su. In lokacin da abin ya faru ka kasa yin taku huɗu, ko in an danna bayan ƙashin idon sawu ko tsininsa ka ji zafi a kan ƙashin kansa, ko a tushen ƙashin da ke bin layin ƙaramin yatsa a gefen sawu, to sai an yi hoto, don tsagewar ƙashi takan fake a bayan targaɗe. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga asibitin ƙashi na Wamakko, ba nisa. Ba na zagin maɗora, gadonsu ne, kuma mutane da yawa sun miƙe a hannunsu. Amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi, jijiyar da ta yage kuma ja ba ya ɗinke ta. Duk wanda aka ɗaure masa gaɓa ya ga yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ya daina jin su, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Irin wannan ke kai mutum ga yanke ƙafa.

Don amfanin sauran 'yan uwa da ke karantawa: kwana biyu zuwa ukun farko ba a gashi da ruwan zafi, ba a murza da man zafi, kumburi suke ƙarawa. A samu fiyawata mai ƙanƙara a naɗe a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a naɗa bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafa kan matashi ta fi ƙirji tsawo. Kai wannan ya wuce ka.

Inda kake yanzu, aiki ne ya rage. Da safe kana zaune ka riƙa rubuta abacada a iska da babban yatsa, don gaɓar ta saki. Ka fuskanci bango, diddige a ƙasa, ka tura gwiwa ta taɓa bangon, kana ja da baya kaɗan-kaɗan, ka gwada da ɗaya ƙafar ka ga bambanci. Ka nemi tsohuwar robar cikin tayar babur wurin mai faci, ka yanka, ka ɗaura a ƙafar gado ka saƙala a sawu, kana tura shi waje a hankali, sau 15, zagaye uku. Tsokar gefen ƙwauri ke nan kake ginawa, ita ce ke fizgo sawu in zai juya. Sai ɗaga diddige, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya. Sai kuma wanda kowa ke rainawa alhali shi ne uwa uba: tsayuwa da ƙafa ɗaya. Kana asuwaki ka yi, kana jiran shayi ka yi. In ta zauna, rufe ido. In ta zauna, hau matashi. Daga nan wani ya riƙa jefo maka ƙwallo kana mayar masa da ɗaya ƙafar. In kana yi ka ji ɗan tsami, ba laifi. In ka wayi gari da sabon kumburi, ka yi yawa, koma matakin baya kwana biyu.

Af, zaman tahiya ma awo ne mai kyau. Ni na fi wata ina miƙe ƙafa a sallah kafin ta yarda ta lanƙwashe. In har yanzu kafa yatsun dama a zaman yana sa ka cije leɓe, ka san da saura.

Gudu kuma hawa-hawa ne. Sassarfa a miƙe, sai gudu sosai, sai zagaye mai siffar lamba 8, sai yanka da birki, sai atisaye da 'yan wasa ba karo, sai da karo. Kowane mataki a kwana a gani. Sauri ya haifi nawa.

Ga tambayar da nake wa ƙafar kowane yaro kafin in mayar da shi, gobe ka yi ta da shaida a kusa, don mai son wasa ba ya faɗa wa kansa gaskiya. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ido rufe, daƙiƙa 30. Ɗaga diddige da ƙafa ɗaya sau 20. Tsalle gaba da ƙafa ɗaya ka dire ka tsaya ba tangaɗi, a auna da ta lafiyar, ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100. Gudu da yanka hagu da dama ba ɗingishi, ba tsoro a zuciya. Washegari ba kumburi. In ka ci duka, kuma wanda ya san aikin ya duba ka, ka ɗaure sawu da kyau ka buga, ko da rabin lokaci ne. Ƙaramin targaɗe yakan sallami mutum a mako ɗaya zuwa uku. Matsakaici yakan ci uku zuwa shida, babba kuwa har wata uku. Yadda ka kwatanta, cewa wurin ya yi baƙi har gefen yatsu, raina bai ba ni ƙarami ba ne. In ka faɗi ko ɗaya, zauna a benci ka yi wa 'yan uwanka ihu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san abin da ke ranka, wai masu neman 'yan wasa za su zo kallo. Sun ga ɗaruruwa irinka, kuma ɗingishi suke fara hangowa. Marco van Basten, ɗan Holan, sau uku yana cin Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, ga likitocin AC Milan a bayansa, amma idon sawu ya tsayar da shi: wasansa na ƙarshe a 1993 yana da shekara 28, ya yi ta fama har ya haƙura a 1995. Balle mu da filinmu in rani ya yi ya koma kamar daɓe.

Ƙwayoyin ma a yi hattara. Diclofenac a zafin Sakkwato, mutum na zuba gumi bai sha ruwa ba, ƙoda take taɓawa, ga gyambon ciki. Tramadol kuwa ba sai na faɗa ba, kowa a nan ya san wani da ya fara ta don ciwon ƙafa.

Ko ka buga ko ba ka buga ba, tsayuwar nan da jan roba ka riƙe su aƙalla wata shida, kana ɗaure sawun duk ranar wasa, kuma ka bar takalmi mai dogayen haƙora sai damina. Kocin naka, kada ka yi masa gardama a gaban yara. Ka same shi gefe ka ce ya tsaya ya ga gwajin da idonsa. Gobe in ka yi, dawo nan ka faɗa mini daƙiƙa nawa ka kai ido rufe, da kuma ko an yi hoton.