Ungulu, Jinka da Jirgin Dako

Tambaya daga Damagaram: Malam, me ya sa ake cewa "jirgi mai saukar ungulu"? An rasa tsuntsu mai kyan gani ne?

Amsa: Ba kyau aka duba ba, sauka aka duba. Ungulu in ta hango mushe, shawagi take yi ta dira a kansa, ba ta neman fili. Haka jirgin yake.

Tambaya daga Gusau: Malam, na ji a rediyo an kira Chinook, jirgin nan mai saukar ungulu mai manyan farfela biyu, "jirgin yaƙi". Daidai ne?

Amsa: Nan ne masu fassarar labarai ke ƙure mini haƙuri. Duk abin da soja ya hau ya zama na yaƙi, saura kaɗan su ce tukunyar barikin ma ta yaƙi ce! Aikin Chinook dako ne: dakaru, igwa, abinci, wani kayan a ciki, wani a rataye a ƙarƙashinsa. Tun 1961 da ya fara tashi a Amurka aikinsa ke nan. Muna da ɗan dako a kasuwa, me zai hana mu ce jirgin dakon soja?

Ka kuma tambaya ko "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ta dace da farfelarsa biyu. Ta dace, amma rabi. Farfela ɗaya in tana juyawa, gangar jirgin ma sai ta nemi juyawa ta ɗaya gefen, shi ya sa ake ɗaura ƙarama a wutsiya ta riƙe shi. Chinook ba ya buƙatarta, domin ta gaba da ta baya kowace ɓangarenta take juyawa daban, ƙarfin injin duka ya tafi ga ɗaga kaya. Sai dai Mi-26, wani jirgi mai saukar ungulu wanda Tarayyar Sobiyet ta fara tayarwa a 1977, babbar farfela ɗaya gare shi mai fukafukai 8, kuma tan 20 yake ɗauka. A 2002 shi aka ɗauko haya ya sunkuto Chinook da ya lalace a duwatsun Afganistan. Karin maganar kan taimakekeniya take, ba ƙidayar farfela ba, kada a ja ta inda ba ta je ba.

Tambaya daga Kumasi: Helikwafta ko shalkwafta?

Amsa: Duka aro ne, kuma duka sun zauna. Wanda ya fi maka daɗi a baki, riƙe shi.