Injin kwashe dusar ƙanƙara: wanne zan saya da jarina?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Minneapolis can Amurka ya rubuto min yace ya tara dala 2,000 yana so ya fara sana'ar share wa mutane ƙofar gida lokacin sanyi, to ƙaramin inji zai saya ko babba, ko kuwa ya ciyo bashi ya sayi a-kori-kura mai garma gaba ɗaya.

To ƙanena, maganar bashin mota dai ka ajiye ta tukuna don Allah. Dusar nan ba ta da alkawari, a garin naku sanyin 2022 zuwa 2023 ta zuba kusan inci 90, shekarar da ta biyo ko inci 30 ba ta kai ba, shi kuwa banki ba ruwansa da ta sauka ko ba ta sauka ba, wata na ƙarewa kuɗinsa yake jira.

Injin iri biyu ne. Ƙaramin bakinsa roba ce tana gogar ƙasa, yana share daɓen siminti tas amma in dusa ta wuce kamar inci 8 ko ta jiƙe ta yi nauyi sai ya dinga shaƙewa, kuma kar ka kai shi wurin tsakuwa don zai kwasa ya harba wa gilashin motar mutane ka biya. Babban bakinsa ƙarfe ne yana tara dusar sannan wata fanka a ciki ta cilla ta nesa, kuma shi ke jan kansa kai dai riƙewa ne naka. Shi za ka saya, mai faɗin inci 24 ya ishe ka. Dalili, abin da ke sa mai gida ya kira ka ba 'yar dusar tsakar fili ba ce, tudun nan ne da motar gwamnati ke turowa bakin ƙofa in ta share titi, ya daskare ya haɗe da gishiri, wannan ƙaramin inji ba ya iya shi.

Ni da ni ne na hannu zan nema, Toro ko Ariens, saboda kayan gyaransu ba sa wahala a wajenku, Toro ma a garin Bloomington kusa da ku kamfanin yake. Kaje da safe injin na sanyi kace a tada shi gabanka, in sai an ja igiya sau goma to tsohon fetur ya kwana a kabureta, ka rage kuɗi ko ka wuce. Ka sayi 'yan ƙusoshin nan da aka yi su don su karye in bakin ya ci dutse, ka zuba a aljihu, rashin guda ɗaya sai ya kashe maka aikin yini. Kuma in ya toshe kashe shi ka sa sanda, kar ka taɓa sa hannu, mutane sun rasa yatsu a haka.

Canjin da ya rage kayi inshora da shi, wani ya zame a inda ka share yana iya kai ka kotu. Sai ka nemi gidaje goma kusa da juna tun Oktoba, dokar garin ta ba mai gida awa 24 ya share hanyar ƙafa ta gabansa, tsofaffi da yawa ba sa iyawa. Rabinsu kuyi kuɗin lokacin sanyin gaba ɗaya, rabi kuma duk zuwa su biya ka.