Ka fara musu da kebul kafin Kali

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Na ga tambayarka cewa kana da ɗalibai a cibiyarka ta Tudun Wada, wasu 'yan sakandare wasu masu jiran JAMB, kwamfutocin ba su da yawa, kuma sun matsa maka lamba sai ka koya musu kutse, kai kuma kana tsoron kar ka ɗora 'ya'yan mutane a kan hanyar banza. Na daɗe ina koyar da wannan fanni a Samaru, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Kar ka ƙi koya musu. Yaron da ka hana zai je YouTube ko Telegram ya samu wanda zai koya masa ba tare da tarbiyya ba. Amma kar ka yarda su ja ka ku fara da Kali Linux, wato tsarin kwamfutar nan mai ɗauke da kayan gwajin kutse. Kusan duk yaron da ya zo mini da wannan ƙishirwa ya riga ya ji sunan Kali, wani ma ya sa Termux, manhajar rubuta umarnin Linux, a wayarsa yana kwafo umarni yana liƙawa, amma ka tambaye shi mene ne adireshin IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a sadarwa, sai ya yi zuru. Irin wannan ba zai iya kare kowa ba, kuma shi ne ke saurin jefa kansa cikin masifa.

Ni da kebul nake farawa. Ka shiga Sabon Gari ka sayo Cat6 ko da mita 20 ne, da kawunan RJ45 da ake matsewa a bakin kebul masu yawa domin za su ɓata da dama, da filayar matsewa, da ɗan abin gwaji mai fitilu takwas. Kowane yaro ya feƙe bawon da hannunsa, ya warware wayoyi takwas ɗin nan, ya jera: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya daidaita bakinsu, ya tura har su taɓo ƙarshe, ya matse. Za ka ga yadda suke zuba wa fitilun ido suna ƙirgawa, in ta shida ta ƙi kamawa a yanke a sake. Daga nan su haɗa kwamfuta biyu, ka ba ɗaya adireshin IP 192.168.1.10 ɗaya 192.168.1.11, su yi ping, wato ɗaya ta aika wa ɗayar ɗan saƙon gwaji ta jira amsa. In amsa ta dawo, ka canza wa ɗayar zuwa 192.168.2.11 ka bar su su gano da kansu dalilin da ya sa magana ta yanke. A wannan zama ɗaya sun fahimci abin da mako guda na rubutu a allo ba zai shigar musu ba.

Matakai bakwai na OSI kuwa, wato tsarin da ya kasa aikin sadarwa hawa-hawa, ka ambata su su sani domin jarrabawa na tambaya, amma kar ka sa su hadda a farko. Abin da ya fi musu amfani shi ne DHCP mai raba wa na'urori adireshin IP, da DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, da bambancin suwic mai haɗa na'urorin sadarwa guda da rauta mai haɗa sadarwa da wata sadarwar. Ga waɗanda kayan aiki ba su isa ba akwai Packet Tracer na Cisco, manhajar da ake haɗa sadarwa ta gwaji a allo, kyauta ne in an yi rajista da Networking Academy, kuma in an sauke shi ba ya cin data.

Idan na zo bayanin ƙofofin sadarwa da ganuwar Zazzau nake yi musu misali, domin duk sun san Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Kwamfuta ma haka take, kowace hidima da ƙofarta: shafin intanet 80, mai tsaro 443, SSH na shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri 22, DNS 53. Mai kutse zagayawa yake yi yana neman wadda aka bari a buɗe babu mai gadi.

Sai bayan wannan ake shiga kutsen, kuma a cikin ɗakinka kaɗai. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar ɗora wasu kwamfutoci a cikin kwamfuta ɗaya, a laftof mai RAM 8GB, ka ɗora Kali a gefe guda, Metasploitable a ɗaya gefen. Shi Metasploitable da gangan aka gina shi cike da ramuka domin a koyi aiki a kansa. Ka tabbatar ka saita su a tsarin da su biyun kaɗai ke ganin juna, ba su fita waje. Su bi shi da Nmap mai binciko ƙofofin da ke buɗe, su ga ƙofofi 21 da 23 da 80 da 3306 a buɗe, su faɗa maka aikin kowacce. Darasin da ya fi girgiza ɗalibaina shi ne na Wireshark, manhajar da ke kama duk abin da ke wucewa a sadarwa. Ɗaya ya shiga ta telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa wadda ba ta ɓoye komai, ya rubuta kalmar sirri, sannan a buɗe abin da Wireshark ya kama, sai ga ta baro-baro a allo harafi bayan harafi. A maimaita da SSH, ba a ganin komai sai tarkace. Daga ranar ba ka buƙatar yi musu wa'azi kan shiga asusun banki da waifai ɗin da ba su san mai shi ba.

Maganar amana kuma, Malam, ba a barinta sai ƙarshen zango. Tun ranar farko nake sa kowane ɗalibi ya sa hannu a takarda, mahaifinsa ko wakilinsa ma ya sa, cewa ba zai taɓa na'urar da ba tasa ba sai da rubutaccen izini. Ina gaya musu akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, shiga kwamfutar wani ba izini laifi ne a cikinta, kuma EFCC ba ta jin "gwadawa kawai na yi". Ina ba su labarin Robert Morris, ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, wanda ya saki wata manhaja a 1988 ta bazu ta durƙusar da dubban kwamfutoci, kotu ta same shi da laifi duk da ya ce bai yi nufin ɓarna ba. Za a zo wa yaranka da roƙo, wannan a buɗe masa Facebook ɗin budurwa, wancan WhatsApp ɗin matarsa, har da kuɗi. Ka koya musu cewa a'a tun kafin a zo.

Kuma ka ware lokaci ga damfarar da ke cin mutanenmu kullum, wadda ba ta buƙatar Kali ko kaɗan: kira ne a ce daga banki ake, a karɓi BVN da lambar OTP, ko a turo mahaɗin tallafin bogi. Ka ba kowane ɗalibi aikin gida ya kunna wa iyayensa tsaro mai mataki biyu a WhatsApp, ya zo ya ba da bayani. Wanda ka ga ya yi zarra ka nuna masa hanyar takardun shaidar ƙwarewa irin su CCNA ko Security+, ka ƙarfafa masa ya nemi kimiyyar kwamfuta a ABU ko Nuhu Bamalli. Idan filaya da abin gwajin ne suka yi maka wuya yanzu, ka yi mini magana ta akwati, zan ara maka nawa ku fara a wannan makon in sha Allahu.