Hukuncin riƙon zomo amana da abin da ke kan mai riƙon

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata ƙungiya mai tattara dabbobin da masu su suka yasar ta ba ni zomo in riƙa a gidana a Hotoro har a samu wanda zai karɓe shi, bisa sharaɗin ba za a yanka shi ko a sayar ba. Yana kashi a tsakar gida inda muke salla, kuma maigidana ya ce tunda halal ne a yanka kawai. Mene ne hukunci, kuma idan ya mutu a hannuna zan biya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Riƙon da kika karɓa halal ne, akwai ma lada a ciki, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta, wato kowane mai rai.

Maigidanki ya yi gaskiya a kan halaccin naman. Anas ɗan Malik ya ba da labarin zomon da suka kama a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka shi ya aika wa Annabi da cinyarsa, ya kuwa karɓa, kuma mazhabobi huɗu sun tafi a kan halaccinsa. Sai dai halaccin nama ba ya halatta dukiyar wani. Wannan zomo ajiya ce a hannunki, Allah ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, da cika alkawari a farkon Suratul Ma'ida. Saboda haka yanka shi, ko sayar da shi, ko kyautar da shi ba da izinin ƙungiyar ba haramun ne, kuma idan mace ce ta haihu, wanda ba abin mamaki ba ne ga dabbar da cikinta ba ya wuce kwana 31 ko makamancin haka, 'ya'yan ma nasu ne.

Game da kashinsa, a mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne muddin ba najasa take ci ba, kamar yadda Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar. Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Sallarku ta inganta, amma a share wurin don tsafta. Za ki ga yana cin wani kashinsa mai laushi, galibi da dare. Wannan halittarsa ce, kuma abin da na fahimta shi ne bai mayar da shi mai cin najasa ba, tunda abin da ya ci ɗin mai tsarki ne tun asali.

Batun biya shi ne ya fi bukatar natsuwa. Ƙa'ida ita ce wanda aka ba ajiya ba ya biya sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kuma ana auna sakaci da abin da masana kiwo suka sani, ba da kyakkyawar niyyar mai riƙo ba. Mutane da yawa suna cika wa zomo kwano da dusa da ragowar tuwo suna ganin sun kyautata masa, alhali mafi yawan abincinsa ya kamata ya zama ciyawa ko harawa busasshiya marar ruma, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su, kuma hanjinsa ba ya aiki sai da ita. Ganyen karas da latas da ake samu a kasuwar 'Yan Kaba ƙari ne, a wanke su saboda maganin feshi, a kuma nisanta shi da albasa. Zomo ba ya iya amai, don haka abin da ya haɗiya sai ya bi ta cikinsa. Idan ya yini bai ci ba, ko ƙananan kashinsa suka ɗauke, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kada a jira gobe.

Haka nan zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, zomo kuwa yana fara galabaita tun daga wajen 30. Wanda ya bar shi a keji ƙarƙashin kwano da azahar ba ruwa, har ya mutu, ya yi sakaci, biya ya hau kansa, kuma ina jiye masa abin da ya fi biya, domin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha sananne ne. A hana yara ɗaga shi ta kunne, a tsare shi daga mage da kare.

Idan kin yi waɗannan ya mutu, babu komai a kanki. Kuɗin abinci da magani yana bin abin da kuka yi yarjejeniya a kai, kuma abin da kika kashe da niyyar sadaka ba ki da ikon neman a mayar miki. Idan kuwa maigidanki bai yarda a ci gaba da riƙon a gidansa ba, ko kika ga ba za ki iya ba, ki mayar musu da shi hannu da hannu, kada ki sake shi a unguwa. Allah ne mafi sani.