Wane Gari Ya Fi Satar Mota?

Sadi, ajiye fulayar nan ka zo ka zauna. Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da Alhajin nan na Abuja ya faɗa da muke sa masa tiraka, na'urar bin sawun mota, wai a can ko fitsari ka shiga yi sai ka fito ka tarar da wayam, mu kuwa a Zariya ko gilas a sauke ka bar mota ta kwana babu mai taɓa ta. Ka kuma ce in haka ne, ashe cin kuɗin mutanen Tudun Wada da Samaru kawai muke yi da muke ce musu su sa. Wannan ta biyun ce ta sa na ce ka zauna, don yaron da ke tsoron cin haram a sana'a ya cancanci a ba shi amsa a tsanake.

Duk wanda ya ce maka gari kaza ya fi gari kaza sata, ka fara tambayarsa wa ya ƙirga. Abin da ke cikin littafin 'yan sanda lissafin waɗanda suka je caji ofis ne, ba lissafin waɗanda aka yi wa sata ba. A Amurka ko Kanada mutum ba ya wasa da kai rahoto, domin kamfanin inshora ba zai biya shi ko sisi ba sai ya ga takardar 'yan sanda. Mu nan yawancin masu mota inshorar dole suke yanka, ta naira 15,000 ɗin nan da aka ƙara wa kuɗi a farkon 2023, ita kuwa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da motarka in an sace. To mai tsohuwar Golf da aka ɗauke wa mota, wani ya kai rahoto, wani ya zagaya garejoji da wajen 'yan gwangwan da kansa, wani ya sa a yi masa sanarwa a Facebook, wani ya ce ya bar wa Allah. Garin da mutanensa suka fi kai ƙara sai ya fito a takarda kamar shi ya fi ɓarayi.

Bayan wannan akwai lissafin kansa. A ce gari yana da mota 1,000 aka sace 20, wani kuma yana da 100,000 aka sace 500. A ina ka fi son ka ajiye taka? Ɗari biyar ta fi ashirin tsoratarwa a kunne, amma a ƙaramin garin mota biyu ce cikin kowace ɗari ta tafi, a babban kuwa ɗaya ce cikin ɗari biyu. Haka abin yake ko a inda ake ƙirga da gaske. A 2023 an sace mota fiye da miliyan ɗaya a Amurka, jihar Kalifoniya kaɗai ta kwashi sama da 200,000, amma da aka raba da yawan jama'a sai ga birnin Washinton da jihar Kolorado sun sha gabanta. Legas da Abuja da Kano dole labarinsu ya fi yawa, motocin ne a can.

Amma abin da na fi so ka riƙe, tunda kai wayarin kake koyo, shi ne labarin wani gari da ake kira Milwoki a Amurka. Mutanensa ba su kai 600,000 ba. A 2021 aka sace mota sama da 10,000 a cikinsa, kuma kusan biyu cikin kowace uku Kia ce ko Hyundai. Shin mutanen garin ne suka lalace dare ɗaya? A'a. Yara ne suka gano cewa yawancin motocin kamfanonin nan biyu masu makullin murɗawa, na wajen 2011 zuwa 2021, ba a sa musu imobilaiza ba. Ka san aikinta: ɗan ƙwayar da ke cikin kan makulli yana gaisawa da zoben da ke kewaye da bakin ignishin, in ƙwaƙwalwar mota ba ta gane shi ba, ko sitata ta juya ba za ta saki mai da wuta ba. Tarayyar Turai ta wajabta ta tun 1998, Kanada tun 2007, Amurka ba ta wajabta ba. A motocin 2015 da aka sayar a can, kashi 96 cikin ɗari na sauran kamfanoni suna da ita, na Kia da Hyundai kashi 26 ne kacal. Yaran suka riƙa ɗaukar bidiyo suna sawa a TikTok, abin ya tsallaka garuruwa kamar wutar daji. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai da kamfanonin suka fito da gyaran manhaja kyauta a 2023, aka rarraba wa mutane ƙarfen kulle sitiyari, sannan a 2024 lissafin ƙasar ya sauko zuwa wajen 850,000.

Yanzu ɗaga kai ka duba garejin nan. Tsofaffin Corolla da Camry da Accord da ke cika titunanmu, da yawansu daga waccan Amurkar suka zo, masu yawa kuma ba su da imobilaiza tun daga kamfani. Waɗanda suke da ita ma, wasu mu masu wayarin ne muka cire, saboda mai mota ya ɓatar da makulli ya ce ba zai iya kuɗin sabo ba. Ga kuma tsufa. Ɗauko makullin jar Corollar can ka gani. Haƙoransa sun sule, ramin ma ya buɗe saboda shekara ashirin ana murɗawa da tarin makullan gida da na shago rataye suna jan sa ƙasa. Tana cikin aiki za ka iya zare shi injin bai mutu ba. Ramin da ya kai haka ba ya tantance makullinsa da na maƙwabciyarsa. Irin wannan motar ko a Kongo ta nan Zariya take ko a Wuse ta Abuja, hatsarinta ɗaya ne.

Sai kasuwa. Ɓarawo ba don ya hau yake sata ba, don ya sayar ne, shi ya sa ba ya kula motar da babu mai neman kayanta. Kanada ta nuna wannan ƙarara. Motocinsu sababbi ne masu imobilaiza, duk da haka a 2022 an sace sama da 105,000, a 2023 birnin Toronto kaɗai ya rasa fiye da 12,000, har gwamnatinsu ta kira taron ƙasa a kan matsalar a Fabrairun 2024. Masu wannan aikin ba yaran unguwa ba ne. Suna da na'urar da ke janyo siginar makulli daga cikin gida zuwa jikin mota, suna da kwamfutar da ake sokawa a soket ɗin nan mai baki 16 da muke sa sikana, na'urar binciken lafiyar mota, a ƙarƙashin sitiyari. Abin da ya sa Toronto da kewayenta suka fi shan wahala shi ne hanya ce miƙaƙƙiya zuwa tashar jiragen ruwa ta Mantiriyal, a cusa mota a kwantena, ta ɓulla a Afirka ta Yamma ko ƙasashen Larabawa. Lexus RX da Highlander da CR-V suka fi ɗauka, wato dai motocin da manyanmu ke so. An sha gano irinsu a Gana da Najeriya. Ka ga satar da aka yi a wata nahiya tana iya zuwa ta tsaya a bakin garejin nan tana neman a yi mata makulli na biyu.

A gida ma hanyar kenan. Ladifo a Legas, Afo a Abuja, Fanteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, kasuwanni ne na mutanen kirki masu neman halal, mu ma can muke sayen kaya. Amma yawan neman injin Corolla da giyarta da ƙofofinta shi ke sa in an yanka ta cikin dare, kayan su narke cikin na Beljiyam babu mai iya rarrabewa. Babbar mota mai tsada kuwa iyaka ake nufa da ita, ko a canja mata lamba da fenti a kai ta wata jiha.

To ina Zariya a ciki? A ganina, da abin da ke zuwa hannunmu, ɗauke mota sukutum bai kai na manyan biranen nan yawa ba, Alhaji bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Gari ne da aka san juna, baƙuwar fuska a lungun cikin birni ba ta ɓuya. Namu ciwon ya fi ƙarfi a babur da Keke Napep, sai batir, sai ƙwaƙwalwar mota, sai indomin salansa, wato abin tace hayaƙin nan, da ake yankewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam da rodiyam. Mutum ya kwana da mota lafiya, da safe ya murɗa ta yi shiru, ko ta tashi tana ruri kamar tirela. Amma je ka tsaya a Kwangila ka duba. Hanyar Kaduna ga ta, kilomita wajen 80. Ga ta Kano. Ga ta Funtuwa da ke kai ka Gusau da Sakkwato, ko ka karkata Katsina har Jibiya. Ta Jos ma tana nan ta Fambeguwa. Motar da aka ɗauka lokacin da liman ya hau mumbari, kafin mai ita ya gama cigiya a bakin masallaci ta bar ƙasar Zazzau. Wuraren ɗaukar kuwa ba sa canjawa ko a wane gari: masallacin Juma'a, ɗaurin aure, bakin kasuwa, asibiti, duk inda motoci suka taru kuma an san mai ita zai daɗe.

Saboda haka ba cutar kowa muke yi ba, sai dai in mun sayar wa mutum abin da bai dace da motarsa ba. Tiraka ba ta hana sata, nemo mota take taimakawa, kuma sai layin da ke cikinta yana da rai, akwai sabis a inda aka kai ta. Sau nawa ake dawo mana da ita an bar layin ya mutu wata da watanni? Mai tsohuwar Corolla, kafin ka yi masa maganar tiraka, ce masa ya canja ramin makulli, a sa masa ɓoyayyen makunni, ya sayi ƙarfen sitiyari. Ɓarawon irin wannan motar sauri yake yi, in ya murɗa sau biyu ba ta tashi ba zai fita ya nemi wata. Mai Lexus ko Hilux shi ne na tiraka, in da hali ma guda biyu, ɗaya inda za a iya gani a cire a saki jiki, ɗaya can ciki.

Wajen aikin makunnin kuma kada in ga ka yi irin na masu gaggawa. A kan wayar da ke tayar da rilen famfon mai za ka yanka, ba kan babbar wayar da ke ɗaukar lodi ba, in ba haka ba makunnin zai yi zafi ya narke. Ka yi sodarin, kada ka murɗe da hannu ka naɗe. Ka naɗa baƙin tef irin na kamfani, ka tura wayar cikin damin wayoyin asali yadda ko ni na leƙa sai na lalube. Kada ka sa wa mota biyu a wuri ɗaya. Ranar da aka san cewa duk motar da ta fito daga garejin nan makunninta yana ƙarƙashin kujerar direba, aikinmu ya tashi a banza. Kuma lokacin da kake sawa, ban yarda abokanka masu zuwa cajin waya su tsaya a kanka ba. Kai da mai mota kaɗai za ku sani, ko direbansa sai in shi ya ga dama ya nuna masa.

Saura wanda zai iya kai ka gidan yari. Za a zo maka, watakila ranar da ba na nan, da mota mai kyau a kan janwe ko an turo ta, a ce makulli ya faɗi a hanya, a yi sabo yanzu-yanzu, ko nawa ne za a biya. Kada ka taɓa sikana sai ka ga takardun mota, da na kwastan, da katin shaidar wanda ya kawo ta, ka ɗauki hotonsu. Sannan ka duba lambar casis da idonka. Tun 1981 harufa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a ciki, a motocin Amurka kuma na goman shi ke nuna shekara. Ta ƙasan gilashin gaba, da ta jikin ginshiƙin ƙofar direba, da wadda aka buga a jikin ƙarfe, da wadda sikana ta karanto daga ƙwaƙwalwa, duk su zo ɗaya. Shafa yatsa a kan ta ƙarfen. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya. In ka ji wurin ya yi santsi fiye da gefensa, ko fentin ya fi na kewaye sabunta, ko ka leƙa ta baya ka ga tabon walda, an taɓa ta. Sitikar ƙofa in an ɓamɓare an mayar, gefenta yana tashi. 'Yan sanda suna da rajistar motoci ta CMR, 'yan sandan duniya na Interpol ma suna da rumbun motocin sata, kuma ranar da aka bi sawu aka zo, ba za a tambayi wanda ya kawo ta kaɗai ba, har wanda ya yi mata makulli za a tafi da shi.

In ka ga abin da bai kwanta maka ba, kada ka yi musu, kada ka nuna ka gane. Ce musu sikanar tana wajen maigida, ka kira ni.