"Renon Ingila": Raino Ne Ko Raini?

Wani malamin firamare daga Zariya ya rubuto ya ce: "Allah ya gafarta Malam, duk shekara idan watan Maris ya kama sai in ji rediyo na cewa ana bikin ranar ƙasashe renon Ingila. Ɗalibaina sun tambaye ni me ya haɗa reno da harkar gwamnati, na rasa ta cewa. Kuma reno ne daidai ko raino?"

Malam, duka biyun Hausa ce. Baki ne ke karkatar da "ai" ta koma "e", kamar yadda wani zai ce ƙosai, wani ya ce ƙose. A rubutu na fi son raino, amma "renon Ingila" ya riga ya zauna a kunne.

Raino shi ne kula da ɗan da bai iya kula da kansa ba. Ka tuna 'yar yarinyar nan da ake ɗora wa ƙaninta a baya, a tamke da zani da majanyi, tana jijjiga shi har uwar ta sauke tukunya. To da wannan hoton aka fassara Commonwealth, sunan da a Turance yake nufin amfanin da jama'a suka yi tarayya a kansa. Babu goyo ko kaɗan a cikin Turancin. Mu muka sa shi.

Ranar kuwa Litinin ta biyu ce a watan Maris, tun daga 1977. Kafin nan, zamanin Turawa, ranar daula ake ce mata, ana yin ta ran 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Bitoriya. A 1958 aka sauya mata suna. Yanzu ƙasashe 56 ne a ƙungiyar, kuma babban taron ranar a majami'ar Westminster ta Landan ake yin sa.

Ga inda nake so ɗalibanka su kasa kunne. Muna da aikatau biyu da suka yi kama a takarda. Akwai raina na kula da yaro: ta raini yaro, ta raine shi. Akwai kuma raina na wulaƙanci: ta raina yaro, ta raina shi. Wannan na biyun ne a cikin karin maganar nan, "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido", wato abin da ka ɗauka bai kai ya kawo ba, shi zai ba ka wahala. Wasali ɗaya ke nan tsakanin "Ingila ta raine mu" da "Ingila ta raina mu". Ni dai ban taɓa ganin mai raino ta zo da igwa ba, alhali da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma a shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Shi ya sa Bahaushe ya ajiye wani sunan a gefe, mulkin mallaka, don ranar da ba ya jin yin kara.

Sunan ma ya fara yi wa ƙungiyar kaɗan. Mozambik ta shiga a 1995, ita kuwa Fotugal ce ta mallake ta. Ruwanda ta bi a 2009, Gabon da Togo a 2022. A wane zanin Ingila ta goya waɗannan?

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta ce: "Mu da ake kira renon Faransa fa, muna da tamu ranar?"

Akwai, Hajiya, kuma a ƙasarku aka haife ta. Ran 20 ga Maris 1970 aka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar da ta zama tushen ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Shugaba Diori Hamani na cikin waɗanda suka assasa ta, don haka 20 ga Maris ce ranarta. Sai dai ita harshe ne ginshiƙinta, kiran ta da renon Faransa sakin baki ne kawai. A watan Maris na 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta. Idan za mu ci gaba da maganar goyo, wannan shi ne yaro ya yaye kansa.