Tambaya da Amsa: Ina salla, amma tambayoyi sun hana ni barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi, ina shekara ta biyu a fannin ilimin ƙasa da halittu. Na sauke Alƙur'ani a makarantar allon unguwarmu, kuma ban taɓa wasa da salla ba. Tun ina lise nake tara wa'azozi a waya masu nuna cewa duk abin da kimiyya ta gano yana cikin Alƙur'ani, har nakan kafa hujja da su a ajin falsafa. Bana da na bi diddigin wasu, sai na tarar an sa musu gishiri, wasu ma ba su da tushe. Ga shi ana koya mana cewa ƙasusuwan da ake tonowa a Tenere sun haura shekara miliyan 100, alhali mun tashi muna jin duniya ba ta wuce shekara dubu bakwai ba. Abin da ya fi damuna shi ne, da a gidan Kirista ko gidan Arna aka haife ni, ai abin da na tarar shi zan riƙe da irin wannan yaƙinin. To mene ne nawa a cikin imanina? Ina salla amma ina jin kamar munafuki, kuma ba zan iya buɗe baki in gaya wa Baba ba, don shi ke ba da salla a masallacin ƙofar gidanmu. Shin na fita daga Musulunci ne?

Wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, tun da ita ce ke zaune maka a ƙirji. Imam Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a zukatansu wanda suke ganin girman furta shi. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e, sai ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun yi bayani cewa nauyin da abin ya yi musu shi ne alamar imanin, domin munafuki ba ya rasa barci a kan ko zuciyarsa ta yi daidai da bakinsa. A Suratul Baƙara kuwa, aya ta 260, Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka ce masa ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, amma yana son zuciyarsa ta natsu, kuma ba a tsawata masa ba, nuna masa aka yi. Saboda haka ka ci gaba da sallarka, ka daina kiran kanka da sunan da ba naka ba.

Tambayar gidan haihuwa ba kai ka fara yin ta ba. Imam Gazali, wanda aka haifa a Tus a 1058 ya rasu a 1111, ya rubuta a cikin Almunƙizu minad Dalal cewa tun yana matashi ya lura ƴaƴan Kiristoci suna tashi Kiristoci, na Yahudawa Yahudawa, na Musulmi Musulmi, kuma wannan lurar ce ta tsinka masa igiyar bin abin da ya tarar ido rufe. Shakka ta kai shi ga tuhumar idonsa, domin ido na ganin tauraro kamar ɗan ƙaramin tsaba alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma, daga nan ya tuhumi hankalin kansa, ya yi kusan wata biyu a cikin wannan hali. Dekart, masanin falsafa Bafaranshe da kuka karanta a ajin ƙarshe na lise, ya bi hanya mai kama da wannan bayansa da sama da shekara 500, kuma abin yana ba ni takaici cewa yaranmu suna haddace Bafaranshen don cin jarrabawar bak, ba tare da an taɓa gaya musu cewa marubucin Ihya'u da ke cikin zauren kakansu ya riga shi shiga wannan dajin ba. Gazali ya kawo wani misali da ya dace da kai. Ya ce imanin gado kamar gilashi ne, idan ya fashe ba ya ɗinkuwa da liƙi, sai dai a narka shi a wuta a sake zuba shi. Ma'ana, kada ka ɓata lokaci kana neman komawa yadda kake kana ɗan shekara goma sha biyar, domin wannan ƙofar ta rufe.

Amma ka lura da iyakar hujjar. Inda mutum ya samo magana daban, gaskiyar maganar daban. Bakwai sau takwas hamsin da shida ne, kuma daga bakin malamin lakwal ka ji shi, da bulala a hannunsa ma wataƙila, wannan bai sa lissafin ya zama ƙarya ba, kamar yadda bai isa ya tabbatar da shi ba. Wanda aka haifa a birnin Faris na Faransa a gidan da ba a ambaton Allah shi ma gado ya ci, kuma tambayar tana kansa kamar yadda take kanka. Abin da hujjar ke wajabta maka shi ne ka bincika abin da ka gada, kuma ka sassauta harshe a kan maƙwabcinka da ya gaji wani abu daban, tun da ka ɗanɗana da kanka yadda gado ke kama zuciya. Malaman tauhidi na ƙasashen nan sun daɗe da sanin haka, shi ya sa Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ta buɗe da hukuncin hankali, wato wajibi da mustahili da ja'izi (abin da dole ya kasance, da wanda ba zai yiwu ba, da wanda zai yiwu), kafin ta shiga siffofin Ubangiji. Da wasu ɗalibai suka wuce gona da iri suna kafirta talakawan da ba su iya jero hujjoji ba, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, haifaffen Maratta a ƙasar Gobir, ya yi musu raddi mai zafi. Kenan imanin tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa ingantacce ne, kai kuma da Allah ya buɗe maka ƙofar tambaya, bincike ya hau kanka.

Batun wa'azozin waya kuwa, a nan ne nake ganin aka cuce ka, ko da masu yi da kyakkyawar niyya suka yi. Wannan salo ya bazu ƙwarai a ƙasashe masu amfani da Faransanci bayan littafin da likita Moris Bukai ya rubuta a 1976 yana gwada Alƙur'ani da kimiyya, har ya zama duk wani sabon bincike sai an nemo masa aya, a ja ta, a murɗa ta, sai ta shiga. Matsalar ita ce kimiyya tana gyara kanta, wannan ne ma ƙarfinta, don haka wanda ya ɗaure ma'anar aya a jikin nazariyyar bana, idan nazariyyar ta canza baɗi, ya ja wa ayar tuhumar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi gargaɗi a cikin Muwafaƙat a kan masu ɗora wa Alƙur'ani kowane irin ilimi na mutanen farko da na ƙarshe. Har a wajen Kiristoci an sami mai irin wannan hangen: Jorj Lemetir, limamin coci ɗan Beljiyam, shi ne a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, amma da Fafaroma Piyus na 12 ya so ya mai da binciken hujjar halitta a jawabinsa na 1951, Lemetir bai ji daɗi ba, ya nemi a bar kowane fanni a muhallinsa. Abin da ya rushe maka, ɗana, tokara ce da wasu suka kafa wa ginin daga waje.

Ina tuna hantsin 29 ga Maris 2006, ranar da husufin rana ya ratsa ƙasar nan. Muna tsaye a filin wata makaranta, haske ya koma kamar na bayan la'asar sakaliya, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, yara a cikin unguwa suna ta buga gwangwani. Wani dattijo da ke gefena ya ce lallai zunubi ya yi yawa a garin, sai na nuna masa takardar da aka raba kwanaki kafin nan, ɗauke da ranar da sa'ar da abin zai faru. Ya juya ta, ya mayar mini, muka wuce masallaci tare muka yi sallar husufi, kuma ban ga lissafin ya rage wa sallar komai ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Manzon da kansa ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Gazali ma, a gabatarwar littafin da ya rubuta don rusa ƴan falsafa, ya ware batun husufi ya ce wanda ya yi jayayya da lissafinsa da sunan kare addini, addinin ya cutar, domin mai ilimin da ya auna ya gani ba zai yi shakkar awonsa ba, addinin zai tuhuma.

Da wannan ma'aunin za ka duba ƙasusuwan da ake tonowa a Gadufawa, cikin Tenere. Wani kada mai girman gaske da wata ƙatuwar dabba da aka raɗa wa suna Nijersorus, waɗanda aka tono ƙasusuwansu a can, sun rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, kuma wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa. Shekarun duwatsu ba da ka ake faɗinsu ba: uraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗa ya koma dalma a kan ƙa'idar da aka auna, rabinsa a cikin kusan shekara biliyan 4.5, don haka gwada yawan wannan da wancan a cikin dutse yana nuna daɗewarsa. Alƙur'ani bai faɗi shekarun duniya ba. Lissafin dubu shida ko bakwai ya shigo ne daga labaran mutanen littafi da ƙirgen zuriyoyi, irin wanda wani bishop na Ailan mai suna Asha ya yi a 1650 ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwana shida na halittar sammai da ƙasa da Alƙur'ani ya ambata kuwa, Littafin da kansa ya yi maganar yini mai tsawon shekara dubu a Suratul Hajji, da mai tsawon dubu hamsin a Suratul Ma'arij.

Inda ƙullin yake da gaske shi ne asalin ɗan Adam, kuma ba zan yi maka rufa-rufa ba. Masana halittu sun haɗu a kan cewa rayayyun abubuwa suna da dangantakar asali, hujjarsu daga ƙasusuwa da ƙwayoyin gado tana da ƙarfi, kuma za ka ci gaba da cin karo da ita a karatunka. Musulmi masu nazari sun rabu: wasu sun karɓi sauyawar halittu amma sun keɓe Annabi Adamu a matsayin halitta ta musamman, kamar yadda haihuwar Annabi Isa ba uba ta fita daga al'ada, wasu sun yi tawili, wasu sun ƙi batun baki ɗaya. Ni na fi natsuwa da na farko, domin bai tilasta mini ƙaryata abin da aka auna ba, bai kuma sa na murɗe nassi ba. Ibn Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, kuma idan aka ga kamar sun yi karo, sai a koma a duba fahimtar da aka yi wa ɗayansu. Ba dole ba ne ka yanke hukunci a wannan zangon karatu, mutum yana iya ɗaukar tambaya shekaru yana salla da ita.

Ka ce mene ne naka. Tsofaffin garin nan suna ba da labarin ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin kwari, aka tashi aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Gidaje sun canza, masallatai sun canza wuri, amma Katsinawan Maradi ba su zama wasu mutane ba, da sarautarsu da zumuncinsu suka hau. Kai ma hawa tudun kake yi, kuma abin da ka ɗauko da hannunka bayan ka auna shi, shi ne naka. Ka sani kuma cewa lissafi da addini sun taɓa zama a zaure ɗaya a ƙasar Katsina: Muhammadu Alkashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, malamin addini ne kuma masanin lissafi da taurari.

Game da mahaifinka, ban ba ka shawarar ka zube masa komai a dare ɗaya ba, domin kalmomin da kake amfani da su a jami'a za su iso kunnensa da wata ma'ana daban, ya ji kamar sanarwar ridda kake yi alhali tambaya ce. Amma kada ka raina shi, wanda ya shekara yana ba da salla ya ji tambayoyin mutane fiye da yadda kake zato. Ka same shi bayan isha'i idan jama'a sun watse, ka ce kana son ya biya maka Ummul Barahina daga farko, ko ya haɗa ka da wanda zai biya maka. Idan kun zo kan hukuncin hankali, ka ɗauko tambaya ɗaya tak, wadda ta fi sauƙi, ka aje a gabansa ka ga yadda zai juya ta. Wa'azozin wayar kuwa ka dakata da su zuwa hutun damina, sa'an nan ka sake rubuto mini abin da kuka tattauna da Baba.